Idan Soket ɗin Mota Ya Ɗauke, A Bi Sawun Wutar Kafin A Taɓa Fis

A Amurka akwai wata irin mota da ake ƙera ta kamar gida: gado, madafa, banɗaki, firji, da soket a kowace kusurwa. Iyali sukan ɗauke ta su yi makonni suna yawon hutu, duk inda dare ya yi musu nan ne masauki. Yawancin irin waɗannan motoci a garin Elkhart na jihar Indiyana da kewayensa ake haɗa su. Cikin matsalolin da masu su suka saba da su akwai ɗaukewar soket: fitilu na ci, famfo na aiki, amma an soka caja shiru.

Ba a cika ganin irin wannan mota a hanyar Zariya zuwa Kano ba, amma matsalarta ta daɗe da isowa. Duk wanda ya san Likoro, Hunƙuyi, Maƙarfi ko Ikara ya san motocin da aka mayar ɗakuna masu wuta. Akwai motar mai tallan magani da ke bin kasuwanni da lasifika. Akwai motar masu kiɗan biki da ke ɗauke da amfilifaya da kwamfuta. Akwai motar wa'azi, da motar kamfen idan kakar siyasa ta zo. Akwai direban babbar mota da ya ɗauko rake ko tumatir zai yi Kudu, wanda zai kwana biyu ko uku a cikin kan motar, da ƙaramar inbata a ƙarƙashin kujera. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 janareta ya koma abin lissafi, sannan ɗaukewar wutar da ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda a Oktoban 2024 ta koya wa mutane cewa batirin mota ma tushen wuta ne. Matasa da yawa sun fara caja wayoyinsu, har da na maƙwabta, daga mota.

Abin da ya rage a baya shi ne yadda ake gyara. Da zarar soket ya ɗauke, abu biyu aka fi yi: ko a ce inbata ta mutu a tafi neman wata, ko a zare fis a ɗaure wurin da silin waya ko takardar cikin kwalin sigari. Na farko asarar kuɗi ne, na biyu kuwa gayyatar gobara ce. Ra'ayin wannan rubutu shi ne: soket ɗin da ya ɗauke saƙo ne, kuma duk matashin da ya iya shiga saitin wayarsa ya gano abin da ke cinye masa data zai iya karanta wannan saƙon, in dai ya yarda ya bi wutar daki-daki daga tushenta.

Wuta iri biyu a mota ɗaya

Kuskuren farko shi ne ɗaukar wutar mota a matsayin abu guda. Motar da aka sa wa soket irin na gida tana da wuta iri biyu, kuma kowacce da halinta.

Ta farko ita ce wutar batir, mai bolt 12 a ƙananan motoci da bas, ko bolt 24 a yawancin manyan motoci. Ita ke kunna fitila, rediyo, ramin kunna sigari da ramukan USB. Ba ta jan mutum idan ya taɓa ta da busasshen hannu, shi ya sa ake raina ta. Amma batir na iya zubo ɗaruruwan amfiya a lokaci guda idan wayoyinsa biyu suka haɗu, kuma hakan ya isa ya mayar da wayar wuta jajir cikin daƙiƙu.

Ta biyu ita ce wutar da inbata ke samarwa daga batir, irin ta gida. A Najeriya ma'auninta bolt 230 ne, kuma soket ɗinta shi ne mai baki uku irin na Ingila. Wannan tana kisa, ko daga ƙaramar inbata ta fito.

Sanin wannan bambanci kaɗai yana rage rabin wahala. Idan ramin USB da fitilun cikin mota suna aiki amma soket mai baki uku ya mutu, matsalar tana tsakanin inbata da soket, ko a wayar da ke kai wa inbata wuta. Idan kuwa komai ya yi sanyi, fitila ta dushe, to a koma kan batir. Wanda bai raba waɗannan biyu ba zai yi ta kwance soket alhali ciwon yana can a kan batir.

Akwai kuma wani tarko a motocin tokumbo da aka shigo da su daga Amurka. Wasu Toyota Sienna suna zuwa da soket nasu na kamfani mai bolt 120, wanda galibi bai wuce wat 100 ba. Irin wannan soket yana da makunninsa a gaban direba, kuma sai an kunna mota yake aiki. Mutane da dama suna zaton ya lalace, alhali ba a danna makunnin ba ne, ko an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ya kashe kansa. Cajar waya tana aiki a kansa saboda an rubuta a jikinta cewa tana karɓar bolt 100 zuwa 240. Fankar da aka saya a kasuwar Sabon Garin Zariya kuwa wutar 230 take jira, don haka ba za ta yi yadda ya kamata ba.

Bin sawu daga tushe

Masu rubuta manhaja suna da wata al'ada idan aiki ya tsaya: ba sa canza abu goma a lokaci guda. Sukan canza ɗaya, su gwada, su ga abin da ya faru. Sukan kuma raba hanyar gida biyu, su duba tsakiya, domin su san a wane ɓangare kuskuren yake. Wannan al'ada ita ce ainihin abin da gyaran soket ke bukata.

Mataki na farko shi ne a zargi abin da aka soka. A gwada cajar a wani wuri, a kuma soka wani abin da aka tabbatar yana aiki, kamar ƙaramar fitila, a soket ɗin da ake zargi. Filogi mai baki uku na ƙwarai yana da ƙaramin fis a cikinsa, mai amfiya 3, 5 ko 13, kuma ekstenshan da yawa suna da nasu makunnin kariya. Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa.

Mataki na biyu shi ne a ƙirga soket nawa suka mutu. Idan ɗaya ne, ciwon yana kusa da shi. Idan duk na ɓangare ɗaya ne, to akwai wani abu a gabansu da suka dogara da shi: bireka, na'urar kariya, ko wata mahaɗa da ta saki. Idan duka ne, a nufi inbata.

Mataki na uku shi ne a saurari inbata. Yawancinsu suna da fitila kore da ja, kuma suna kuka idan abu uku ya faru: batir ya yi ƙasa, kaya sun yi yawa, ko zafi ya wuce kima. A cire duk abin da aka soka, a kashe ta, a jira ta huce, a sake kunnawa. Idan ta tashi ba kaya amma ta faɗi da an soka abu, to lafiyarta ƙalau, abin da ake ba ta ne bai isa ba, ko abin da ake nema a wurinta ya yi yawa.

Mataki na huɗu shi ne awo. A nan ne maltimita ke shigowa, wato ƙaramar na'urar auna wuta mai wayoyi biyu, ja da baƙa, wadda kuɗinta bai kai na canza gilashin waya ba. Batirin ruwa mai bolt 12 da ya cika, aka bar shi ya huta, yakan nuna kimanin 12.6. Idan ya nuna 12.2 ya kai kusan rabi. Yawancin inbata suna kashe kansu idan wutar da ke shigo musu ta sauka zuwa wajen 10.5. Idan injin mota na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4, alamar alternato na yin caji. A babbar mota mai bolt 24 sai a ninka waɗannan lambobi.

Sirrin awon shi ne a yi shi lokacin da kaya ke ja. Batirin da ya tsufa yana iya nuna 12.5 yana zaune, da an kunna amfilifaya ya faɗo ƙasa da 11. A auna a kan batir, sannan a auna a bakin inbata, duk a lokacin da take aiki. Idan lambar kan batir tana da kyau amma ta bakin inbata ta faɗi sosai, wutar tana ɓacewa a hanya: ko kan batir ya yi farin gari, ko noti ya saki, ko wayar ta yi siriri. Inbata nawa aka yar a bola saboda noti guda da ba a ɗaure ba?

Sai a mataki na biyar ake zuwa ga fis. Fis ɗin mota mai ƙafa biyu yana da launi da ke nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A zare shi a duba silin cikinsa, ko a auna da maltimita domin ido na iya yaudara. Idan ya ƙone, a sa irinsa daidai. Idan sabon ma ya ƙone nan take, an samu amsa: akwai inda wayoyi suka haɗu, ko kaya sun fi ƙarfin layin. Daga nan aikin ya koma neman wurin, ba neman fis mai ƙarfi ba.

Lissafin da ke ƙona fis

Yawancin ɗaukewar soket a mota lissafi ne da ba a yi ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a raba wat da bolt, a samu amfiya.

Dutsen guga mai wat 1,000 a wutar gida yana jan amfiya 4 da 'yan kai. Shi ya sa ake ganin ba wani abu ba ne. Amma idan inbata ce za ta samar da wannan wat 1,000 daga batir mai bolt 12, sai ta ja amfiya 83, in an haɗa da abin da take ɓatarwa a zafi ya doshi 95. Batir mai ƙarfin amfiya 100 a awa, wanda ba a so a cinye fiye da rabinsa, ba zai wuce kusan rabin awa a wannan aiki ba. Hita ta dafa ruwa ta fi haka ci.

Ramin kunna sigari kuwa galibi fis ɗinsa amfiya 10 ne ko 15, wato wat 120 zuwa 180. Matashin da ya soka inbata a wannan rami, ya jona ekstenshan, ya jera wayoyi 20 kowacce tana jan wat 15, yana neman wat 300 ke nan, kusan amfiya 28 daga layin da aka tsara wa 10. Fis ɗin da ya ƙone a nan bai lalace ba, aikinsa ya yi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne fis ba caja yake karewa ba, wayar wuta yake karewa. Zafin da waya ke yi yana ƙaruwa fiye da yadda wutar ke ƙaruwa: idan amfiya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu, idan ta ninka uku, zafi ya ninka tara. Wanda ya cire fis mai 10 ya sa mai 30, ko ya ɗaure da silin waya, ya mayar da wayar da ke bayan dashbod ta zama fis. Ita kuma idan za ta ƙone, a cikin roba da soso da ƙura take ƙonewa, inda ido ba ya gani sai hayaƙi ya fito. A motar da direba ke barci a ciki, ko wadda aka ajiye jarkar fetur ta janareta a bayanta, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Saboda haka duk inbata da ta wuce wat 150 wurinta kan batir ne kai tsaye, da gajeriyar waya mai kauri, da fis nata a kusa da kan batir mai alamar tarawa. Idan aka sa fis can nesa kusa da inbata, duk tsawon wayar da ke tsakani ba shi da mai gadi.

Soket ɗaya da ke kashe 'yan uwansa

A motocin gida na Amurka, abin da ya fi ruɗa sababbin masu su shi ne wani soket mai maɓalli biyu a fuskarsa, wanda ake kira GFCI. Galibi a banɗaki ko madafa yake. Yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Idan ya ga bambancin kimanin miliamfiya 5, ya san wutar ta bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ya yanke. Ba kansa kaɗai yake yankewa ba, har da duk soket ɗin da aka jona a bayansa. Mutum zai yi ta kwance soket ɗin gefen gado, alhali maɓallin da zai danna yana banɗaki. Wani malamin injiniya a Jami'ar Kalifoniya da ke Barkili, Charles Dalziel, wanda ya daɗe yana nazarin yadda wuta ke illa ga jikin mutum, shi ne ya samar da irin wannan na'ura a 1961.

A ƙasashen da ke amfani da bolt 230 ana kiran 'yar uwarta RCD, kuma wadda ake sa wa don kare rai tana yankewa a miliamfiya 30. Ana samunta a shagunan kayan wuta, a siffar bireka mai maɓallin gwaji. Darasin da ke nan iri biyu ne. Na ɗaya, a motar da ke da irin wannan na'ura, ita za a fara dubawa idan soket da yawa suka mutu tare. A cire duk kaya, a ɗaga ta, a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ke kayar da ita. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci ga yankin Kudan da Maƙarfi, shi ne yawancin motocin da aka sa wa soket a nan ba su da ita ko kaɗan.

Wannan gibi ne babba, domin mota akwatin ƙarfe ce a kan taya. Idan wayar bolt 230 ta goge ta taɓa jikinta, duk motar ta ɗauki wuta, kuma tayoyi sun hana wutar sauka ƙasa. Yaron da ya zo kallon masu kiɗa a damina, ƙafa ba takalmi, ya dafa ƙofa, shi zai iya zama hanyar. Haɗarin ya fi tsanani idan an jona motar da janareta ko da wutar wani gida. Sai dai a sani, RCD ba ta aiki yadda ya kamata a kan kowace inbata sai an haɗa wayar ƙasa da ta nutural bisa ƙa'ida, kuma ba kowace inbata ce ke jure wannan haɗin ba. Wannan aikin mai wayarin ne da ya san abin da yake yi, tare da takardar bayanin inbatar a hannu.

Testa ba ta faɗin gaskiya duka

Kusan kowane gida akwai testa, wato sukudireba mai ƙaramar fitila a ciki. Tana da amfani, amma an ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ita dai tana cewa akwai wuta a nan, ba ta faɗin nawa ce, ba ta kuma faɗin ko wutar na da hanyar komawa.

Idan wayar nutural ta tsinke a bayan soket, testa za ta kama, amma caja ba za ta yi aiki ba. Mai gyara ya ce wuta na nan, cajar ce ta mutu, a sayo wata, ita ma shiru. A kan ƙananan inbata da yawa kuma testa na iya kamawa a ramuka biyu duka, ko ta ƙi kamawa sam alhali wutar na nan, saboda yadda aka tsara fitar wutarsu ya bambanta da na gida. Wanda ya dogara da ita ya sa hannu, ya yi caca da ransa. A wutar batir kuwa ba ta kamawa ko kaɗan.

Gwajin da ya fi gaskiya shi ne maltimita tsakanin ramuka biyu na ƙasa, ko kuma fitilar da aka san tana aiki. A lura kuma, inbata masu araha ba sa fitar da wuta mai santsi irin ta gida, don haka ƙaramar maltimita na iya nuna lamba ƙasa da 230 a kansu ba tare da wani abu ya lalace ba. Irin wannan wuta ce ke sa amfilifaya gurnani, wasu cajoji su yi zafi.

Hanya, ƙura da ruwa

Soket ɗin gida yana zaune a bango shekara da shekaru. Na mota kuwa kullum a girgiza yake. Motar da ke shiga ƙauyuka ɗaukar rake a hanyar burji tana kwance sukurori a hankali, ba tare da kowa ya taɓa su ba. Shi ya sa ake wayarin mota da waya mai silili da yawa, mai lanƙwasuwa. Waya mai sili ɗaya irin ta bangon gida takan karye daga ciki, robarta na nan lafiya, sai soket ya riƙa zuwa yana ɗaukewa duk lokacin da aka faɗa rami. Soket ɗin da ke yin haka, ko wanda fuskarsa ta yi baƙi, ko yake warin roba, mahaɗarsa ce ta saki, kuma mahaɗa mai sako-sako zafi take yi.

Hunturu na kawo nasa. Ƙura tana toshe fankar inbata, zafi ya taru, ta kashe kanta da rana tsaka ta dawo da yamma, a ce aljanu ne da ita. Damina kuma tana shigar da laima cikin soket na waje da mahaɗun ƙarƙashin mota. Motar da aka ajiye kusa da rumbu ko buhunan masara, ɓera ba ya barin wayoyinta. Wurin da waya ta ratsa ƙarfe ba tare da robar kariya ba, nan ne farkon inda za a duba idan fis na yawan ƙonewa. A ramin kunna sigari kuma, kan cajar banza yakan ɓalle ya zauna a ciki ya haɗa wuta, duk fis ɗin da aka sa ya ƙone.

Hujjar masu ɗaure fis

Masu ɗaure fis da waya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Direba yana tsakiyar daji da dare, tumatir na lalacewa, wayarsa ta mutu, dillali na jira, ina zai samu fis? Mai kiɗa ya karɓi kuɗin biki, amarya ta iso, wa zai saurari zancen amfiya? Wasu kuma za su ce sun yi shekaru suna yi ba abin da ya faru.

Amsar ta farko ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. Fis ƙaramin abu ne mai araha, dintsi guda na launuka daban-daban zai zauna a aljihun mota shekara guda. Motoci da yawa ma suna zuwa da na ajiya a cikin akwatin fis ɗinsu. Idan ta ƙure, a kan iya aron fis mai lamba ɗaya daga layin da ba a bukata a lokacin, kamar na rediyo, ba na fitila ko birki ba. Wannan ya fi silin waya nesa ba kusa ba, domin kariyar tana nan.

Amsa ta biyu ita ce, shekarun da aka yi ba abin da ya faru ba shaida ba ce. Waya mai zafi tana cin robarta a hankali. Ranar da za ta kama ba ta sallama.

Akwai kuma masu cewa wannan duk aikin riwaya ne, me ya kai mai waya ciki? Gaskiya ne akwai ƙwararrun riwaya a Zariya da garuruwan kewaye, kuma babu mai cewa a ƙwace musu sana'a. Amma mai mota da ya zo ya ce batir na nuna 12.4, bakin inbata na faɗuwa zuwa 10 idan an kunna kaya, ya taƙaita wa riwaya aikin awa biyu zuwa minti goma, kuma da wuya a sayar masa da abin da ba ya bukata. Wanda ya san lambar fis ɗinsa zai kuma iya cewa a'a idan wani mai gaggawa ya ɗauko silin waya.

Inda ya kamata a tsaya

Sanin iyaka ma ilimi ne. Gwada caja, danna makunni, ɗaga bireka, auna batir, goge kansa da canza fis da irinsa, duk mai hankali zai iya. Kafin a kwance kowane soket kuwa, a kashe inbata, a cire janareta ko wutar waje, a zare kan batir mai alamar ragewa, sannan a auna a tabbatar babu wuta. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin a kai hannu kan batir, kuma kada a kunna ashana ko sigari kusa da batirin ruwa da ke caji, domin iskar da yake fitarwa tana kamawa.

Buɗe cikin inbata ba na kowa ba ne, saboda tana riƙe wuta ko bayan an kashe ta. Idan jikin mota na ɗan jan mutum, ko RCD ta ƙi tsayawa bayan an cire duk kaya, ko ana jin warin ƙuna ba a ga wurin ba, a kashe komai a kira gwani. Waya mai filogi a kai biyu, wadda wasu ke haɗawa don tura wutar janareta cikin soket, ba ta da wurin zama a mota ko a gida: da an soka kai ɗaya, ƙarafan ɗaya kan sun zama tsirarar wuta a hannun mutum.

Abin da ya kamata ya zama al'ada a tashoshi da garejin yankin ba shi da yawa. Duk wanda zai sa wa mota soket ya nemi abu huɗu daga mai aikin: fis kusa da batir, waya mai kauri daidai da inbata, na'urar kariya a ɓangaren bolt 230, da takarda manne a murfin akwatin fis da ke nuna wane fis ne na wane layi. Sai mai motar ya ɗauki hoton wayarin da wayarsa tun yana sabo, ya ajiye maltimita da fis na ajiya kusa da jak. Matasan Likoro da Hunƙuyi da suka koyi gyaran waya da saita sola ta kallon bidiyo sun riga sun nuna cewa kansu na ɗauka. Wannan ma awo ne da lissafin raba wat da bolt, kuma wanda ya iya shi ya samu sana'a a yankin da motoci masu soket ke ƙaruwa kowace kaka.